Marar Hirami

Msaidie ya miƙe ya yi magana a dandalin gari, alhali ba hirami a kafaɗarsa.

Shekarunsa hamsin da shida, amma bai yi babban aure ba, bikin da ke ba namiji hirami da kujerar dattawa, don haka wurin zamansa can baya ne, kuma bakinsa a rufe. Haka ake yi a tsibirin Ngazidja. Mai hirami ke yanke magana.

Motar gwamnati ta iso daga Moroni, babban birni, tun hantsi, da takarda: kowa ya sauka bakin teku, Karthala, dutse mai aman wuta, na motsi. Dattawa suka zauna a kai, ana zuba gahawa.

"Shugaban ƙasar wannan karo ɗan wani tsibiri ne," in ji Mze Mlanao, babban dattijo. "Dutsensu ko hayaƙin taba bai taɓa yi ba. Shi zai koya mana namu?"

Aka yi dariya. A nan Msaidie ya miƙe.

"Daga saman dutsen nake. Ƙasa ta tsage a makiyayata, hannu na shiga. Tururi na fita, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Shanuna sun ƙi kiwo, sun tsinke igiya sun gangaro. Ko tsuntsu ɗaya babu."

Ba wanda ya dube shi.

"Wa ya ji wani abu?" in ji Mze Mlanao. "Ni dai akuya na ji tana tari."

Msaidie ya juya ya dubi gidan matarsa Zalhata, na ƙarshe a gangaren dutsen. 'Yarsu na cikin gidan da jaririnta na kwana tara. Ya roƙe su da safe su shiga motar, Zalhata ta ce ba macen da za ta bar gidan uwarta sai dandali ya ce a tashi.

Hanya ɗaya ta rage. Idan mai hirami ya maimaita maganar, ta zama magana.

Ya ratsa tsakiyar dandalin, ya durƙusa gaban yayansa, Mze Ahamada. Uwa ɗaya ta haife su. Shanun Msaidie goma sha ɗaya aka yanka a babban auren Ahamada.

"Yaya, don Allah. Faɗa musu abin da na faɗa. Ba sai ka ƙara komai ba."

Ƙasa ta yi gurnani daga can ƙarƙashi. Kofunan gahawa suka yi ta ƙwanƙwasa faranti. Direban ya tayar da mota, ya danna oda sau biyu.

Ahamada ya ji. Msaidie ya ga gumi na bin gemunsa, ya ga yatsunsa sun damƙe sanda. Sai Ahamada ya saci kallon Mze Mlanao, ya dubi sauran dattawa, kowa ya miƙe wuya yana jira.

Ya gyara zama.

"Tashi ka koma wurinka," ya ce. "Ba zan faɗa ba."