Hanyar Da Wuta Ta Goge

Wuta ta ɗauke, janareta ya tashi, amma gidan rediyon ya yi tsit. Rose, injiniyar tashar, ta san dalili tun kafin ta zauna. Tsakanin sitidiyo da na'urar watsa shiri da ke kan tudu, da hannu aka rubuta wa kowace kwamfuta ta inda za ta tura sauti. Duk wanda ya rubuta ɗin nan, Allah ya shirye shi, bai sa ya zauna dindindin ba. Da kwamfutocin suka mutu suka tashi, sai suka manta hanya.

A bakin ƙofa Sajo yake tsaye, mai sayar da shanu, rigarsa sharkaf da ruwan sama. Tsohonsa, wanda tsufa ya fara rikita shi, ya fice tun safe, ga kogin Mayo Gwoi ya cika yana ambaliya. Tsohon ba ya amsa kiran kowa, amma rediyonsa kullum tana rataye a wuyansa, a kan wannan tasha.

"Madam, cigiya kawai zan yi. Don Allah."

"Malam Sajo, ko ka yi magana ba ya fita. Ka ba ni wuri tukuna."

Kwamfutar sitidiyo Windows ce, ba ta ba ta wahala ba. Ta rubuta hanyar, ta ƙara alamar da ke hana ta gogewa. Ta kan tudu ce abin tsoro: Linux ce, umarninta daban, kuma daga nan take shigarta ta wani tsohon layi mai jan ƙafa. Lamba ɗaya ta kuskure, layin ma ya yanke, sai dai a hau tudu cikin wannan ruwa.

Ta rubuta umarnin. Ta karanta adireshin a fili, ta sake karantawa, ta danna.

Shiru. Can sai ƙaramar rediyon kan tebur ta yi tari, kiɗa ya fito.

Sajo ya rungumi makirfo, Hausar ma ta gudu, sai Fulatanci.

"Baaba, wartu saare," yake ta cewa, Baba dawo gida, har muryarsa ta dushe.

Wayar sitidiyo ta yi ƙara. Wata mata ce daga unguwar Sintali.

"Akwai wani tsoho a rumfana, ya kama rediyo yana kuka. Wai yaronsa ya ɓata, yana kiransa."