Tsintuwar Kawu Odiel

Harsashin igwar yana zufa. Saar ce ta fara gani, tana goge ƙura a ɗakin da kawunta Odiel yake kira gidan tarihi, sauran mutane kuma suke kira falo. Abin yana tsaye a kan wata kanta, tsakanin wata hular kwano da cokulan katakon da fursunonin yaƙi suka sassaƙa. Girmansa kamar kwalbar giya, duk tsatsa, wani ruwa rawaya yana tsattsafowa daga wuyansa. Ƙarƙashin kantar kuwa ƙarfen ɗumama ɗaki ne, wanda aka kunna da safe saboda sanyi ya shigo.

"Kawu! Zo ka gani, ɗanka yana gumi."

Odiel ya shigo yana gyara tabarau. Da can fenti yake sayarwa a garin Diksmuide. Da ya yi ritaya sai ya tsayar da gashin baki, ya cika gidan uwarsa da ankwa da makullan kurkuku, ya fara kiran kansa mai adana tarihi.

"Ba gumi ba ne, 'yar nan. Ƙarfe ne yake numfashi." Amma ya ja da baya har ya jingina da ƙofa.

"A ina ka saye shi?"

"Ba saye na yi ba."

"Kawu."

"A gindin falwayar gonar maƙwabcinmu Staf."

Saar ta ajiye tsumman a hankali. Kowa a yankin ya san abin da ake jinginewa a gindin falwaya. In garma ta tono bam ɗin da tsohon yaƙi ya bari a ƙasa, manomi ya kai shi can, motar soja ta zo ta kwashe. Ko karnuka ba sa ɗaga ƙafa a wurin.

"Kai ka ce min duk abin da ke ɗakin nan fanko ne."

"Duk fanko ne, ban da wannan. Wanda aka zubar da cikinsa ai gawa ce. Wannan yana nan yadda aka ƙera shi. Ke ba za ki gane ba."

Daga sama aka buga sanda a daɓe. Kaka Zulma ce, uwar Odiel, gadonta daidai saman kantar. Tun da ƙugunta ya karye ba ta sake saukowa ba, matattakalar gidan ma ko kujera ba ta wucewa sai an karkata.

Saar ta zaro waya. Odiel ya damƙe hannunta.

"Don Allah kar ki kira. In soja suka shigo nan sai sun share ɗakin kaf. Bindigogin nan ba duka ke da takarda ba. Mu mayar da shi inda na ɗauko, su tsince shi a can."

Ba bindigoginsa suka dame ta ba. Ta san abin da za a ce mata a waya: ku fita duka, ku jira. Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin.

"To ɗauko shi."

"Hannuna yana rawa."

"Kai da kake mana lacca kan jarumtar soja har miya ta huce?"

"Wannan nazari ne, daban yake."

Ta sa safar hannun da take fito da burodi daga tanda da ita. Abin ya fi yadda ta zata nauyi, ga ɗumi kamar jinjirin da ya tashi daga barci. Ba ta yi numfashi ba sai da ta kwantar da shi cikin baro, a kan matashin da ta zaro daga ɗakin Kaka.

Taga ta buɗe a sama. "Saar! Wane mara kunya ya ɗauke min matashi?"

"Aro na yi, Kaka!"

"Odiel ne ko? Tun yana yaro abin da ya gani a ƙasa sai ya sa a aljihu!"

Hanyar gonar Staf ta duwatsun daɓe ce, kowane dutse da nasa ra'ayin. Saar tana tura baron kamar mai ɗauke da miya cike da kwano. In taya ta faɗa rami, sai ta tsaya cak. Odiel yana biye daga nesa, ya kifa hular kwano a ka, yana ba da umarni.

"Hagu! A hankali! Haka Jamusawa suke yi, a kwance!"

"Kawu, in ka ƙara magana, kai zan ɗora a kai."

A gindin falwayar ta durƙusa, ta sauke shi har da matashin. Ta cire safar ta bar ta nan. Sai da suka yi nisa sannan ta zauna a bakin baron.

Nan suka ji ƙarar mota. Wata tsohuwar mota ruwan toka ta tsaya daidai falwayar. Wani dogo ya fito, ya duba gabas, ya duba yamma, ya buɗe but.

"Firmin ne," in ji Odiel, muryarsa ta sauya. "Likitan haƙori. Teburinsa ke kusa da nawa a kasuwar kayan yaƙi. Bai san komai ba, jabu yake tarawa."

Saar ta miƙe tana ɗaga hannuwa. "Malam! Bar shi! Yana yoyo!" Iska ta kwashe maganar ta kai gonar dankali. "Kawu, muryarka ta fi tawa. Yi masa ihu!"

Odiel ya haɗa tafukansa a baki, ya cika ƙirji.

"Firmin! Ɓarawo! Ni na fara ganinsa!"

Wannan kam Firmin ya ji. Ya sunkuya da sauri, ya rungumi abin, ya cilla a but, ya buga murfi. Motar ta juya ta hau duwatsun tana tsalle, ta wuce su ko kallo babu, ta nufi gari ta hanyar da ta bi ta ƙofar gidansu.

Saar ta danna lambar soja, ta kara waya a kunne. Tana ringin.

"Ba sai kin ambaci sunana ba," in ji Odiel ƙasa-ƙasa.

Daga nan ana hango tagar Kaka a buɗe. Suka tsaya su biyu a kan hanya, suna sauraro.