Mai Laushin Za a Sa

"Danna mana, Ɗanasabe, ko kai ma tsufan ya gama da kai?" in ji Gwadabe.

Na kafa shokazobar, ƙarfen nan mai rage wa mota gargada, a ƙasa na danna da ƙarfina. Ta nutse, na saki, ta taso a hankali. Gwadabe maƙwabcina yana jingine da bangon zaurensa, ciwon hanta ya cinye shi. Hannun da ya tsufa a kan sitiyari, yanzu ko buta sai an ɗaga masa.

Ƙaninsa Musbahu, wanda ya karɓi tuƙin a-kori-kurarsa, shi ya kawo shokazoba kala biyu daga Kano. Yaron kirki ne, sai dai gaggawa.

"Yaya, mai taurin nan ita ce daidai. Buhunan gero muke loda wa motar nan, ba katifa ba."

"Mai laushin za a sa. Gaba duka biyun, kada ka canja ɗaya ka bar ɗaya."

"To ai sai mu rage lodi!"

"Ku rage. Akwai wadda za a ɗauka."

"Wa?"

Gwadabe ya kau da kai, ya hau karkaɗe tabarmar da ba komai a kanta. Na daka wa Musbahu tsawa: "Kai, rufe bakinka! Ka taɓa jin uba ya ambaci 'yar farinsa?"

Halima Sadiya yake nufi. Ta dawo gida goyon ciki, watanta ya tsaya. Cikinta na farko a hanyar nan ta Toranke zuwa Gaya ya lalace, a cikin motar nan, kuma uban ne ke tuƙi. Bai taɓa ɗaga maganar ba. Ko ruwa ta kawo masa, "ke" kawai yake cewa, idonsa a ƙasa.

Da bakanike ya zo ɗaurawa, Gwadabe ya sa aka ja masa tabarma har gindin taya. Bai koma ciki ba sai da ya ga an matse kowane noti.

Ranar da jikinsa ya rikice, da hantsi, ranar naƙuda ta kama yarinyar. Mota ɗaya ce a unguwar, kujerar gaba kuma ba ta ɗaukar majinyata biyu. Musbahu ya shigo a guje zai sungume shi zuwa asibitin Gaya.

"Ajiye ni," in ji Gwadabe. "Ni ba inda za ni. Ɗauke ta, uwarta ta riƙe ta. In ka kai kwalbatin makaranta ka sa giya ɗaya."

"Yaya, wallahi zan dawo in..."

"Tafi, ka cika surutu."

Na zauna a gefensa. Ya ɗaga min yatsa, wai in yi shiru. Muna jin motar ta fita lungu, ta hau kwalbatin da a da take buga ƙarfe har kaji su watse. Ba mu ji komai ba sai injin yana nisa.

"Madalla," ya ce. Sai ya kama kalmar shahada, ina taya shi. Kafin azahar ya cika, bayan la'asar muka kai shi.

Washegari muna zaman makoki a ƙofar gida motar ta dawo. Musbahu ya kashe ta tun daga nesa. Lauratu, matar marigayin, ta fito daga gaba rungume da jariri cikin zane, 'yarta na bin ta a hankali, tana dafa bango.

"Namiji ne," in ji Musbahu. "Tun daga Gaya yake barci."

Aka janye takalma daga bakin zaure, suka wuce ciki. Yaron bai farka ba.