Filashin Auta

Auta ba ta da kwamfuta, sai wani ɗan jan filashi da ta zuba wa manhajar Linux. Da ta soka shi a laftof ɗin yayanta, sai na'urar ta tashi daga cikinsa, ta tarar da komai inda ta bari: zanen gidaje na aikin kammala karatunta, har da hotunan marigayi babansu.

Yayan kuwa, tun da aka kore shi daga jami'a, ya tsani ganin littafi a hannunta.

Ranar da ta raka Umma asibiti, ta manta filashin a kan tebur. Ta dawo ta sami yayan yana kallon ƙwallo.

"Yaya, ina filashina?"

"Ungo. Kwamfuta ta ce ba ta gane shi ba, wai ko a goge. Na ce bismilla." Ko kallonta bai yi ba. "Har wasanni na zuba miki."

"Ka fa san abin da ke ciki!"

"Na sani mana, injiniya."

Ta durƙushe tana kuka. Ya ƙara sauti, don tana hana shi jin mai sharhi. Shekarar nan 'yan ajinta suka fita suka bar ta.