Bokitin Ruhaina

Shekara da shekaru Ruhaina tana sayar da shinkafa da wake a bakin titin unguwar Maamobi, kuma kafin rana ta take direbobin trotro, motocin hayar gari, sun kankare mata tukunya. Ban da wannan, tana cikin matan da ake kira wankan gawa in mace ta rasu a unguwa. Aikin lada ne da ta gada wajen uwarta.

Ranar da aka yi wa wata tsohuwa sutura a unguwar Nima, ta fito daga gidan rasuwar da bokiti a hannu. Ukasha mai gyaran waya, wanda ba ya ganin abu ya kau da kai, ya ɗauke ta bidiyo ya saka a TikTok, ya ɗora murya a kai: wai ga sirrin daɗin abincinta, da ruwan gawa take dafawa. Bokitin nan babu ko ɗigo a cikinsa, amma wa ke da lokacin leƙawa?

Zagi ya dinga shigowa wayarta daga mutanen da ba su taɓa cin lomarta ba. Wannan da sauƙi. Abin da ya karya mata zuciya shi ne direbobin da ta sani da suna, suka koma gaishe ta daga tsallaken titi. Kullum sai ta juye rabin tukunya a kwata.

Da aka ce mata akwai doka a kan irin wannan, sai ta kai ƙara wajen 'yan sanda masu kula da laifin intanet. Ta yi zarya har ta gaji, je ki dawo, kawo wayar, maimaita bayani. Daga ƙarshe dai aka kira Ukasha. Ya goge bidiyon, alhali tuni ya kai unguwannin Madina da Alajo a wayoyin wasu.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga dattawan unguwa a ɗakinta da ƙullin goro, Alhaji Iliasu a gaba, Ukasha a baya yana sunkuyar da kai. A Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, in manya suka tako da ƙafarsu ban haƙuri, ba a mayar da su hannu wofi, kowa ya san haka, su ma da saninsu suka zo.

"Ɗiyata," in ji Alhaji Iliasu, "yaro ya yi babban kuskure paa. Amma ɗan Zango ba ya kai ɗan Zango kotu. Ki janye, don girman Allah."

"Baba, na ji. Abu ɗaya nake roƙo. Ya koma cikin wayar nan ya ce ƙarya ya yi. Inda ya ɓata ni, nan zai wanke ni."

"A'a, ɗiyata. In ya sake magana, waɗanda suka manta ma sai su tuna. A binne zancen nan a ɗakin nan. Mu duka mun san ƙarya ne."

Ta dubi furfurarsu, ta ji gajiya ta sauko mata har ƙashi. Ba ta da ƙarfin yin faɗa da waya da unguwa a lokaci guda. Ta ce ta yafe, gobe za ta je ta janye. Aka shafa fatiha, aka yi ta sa mata albarka.

Baƙo ba ya fita gidanta da yunwa, balle manya. Ta zubo musu shinkafa da wake a babban faranti, da taliya da ƙwai da soyayyen yajin shito, ta ajiye ruwan wanke hannu, ta fita don su sake.

Ba a jima ba ta ji suna sallama. Alhaji Iliasu ya ce Allah ya yi albarka, sun ƙoshi daga gida. Ta shiga ɗauko farantin, ta tarar da shi yadda ta ajiye, ruwan wanke hannun ma babu wanda ya taɓa.