Shayin da ya kusa korar Mamman

Duk fadamar garinmu, a nan ƙasar Droum, mutum ɗaya ne ya san cikin injin ban-ruwa, shi ne Mamman. Ɗan gwaggona Kaltuma ne, wato taubashina. Ni Suma'ila nake, ina da ƴar garka da babanmu ya bar mini, albasa da shu, wato kabeji, da ɗan salati a bakin rijiya. Da rani in inji ya tsaya, shuka ba ta jiran kowa. Yau ta sunkuyar da kai, jibi ka tarar ta kwanta.

Da can muna da masu sana'a da dama. Mai walda ya tafi Libiya. Wanda ya iya ginin rijiyar siminti yana wajen haƙar zinariya can arewa, sai dai mu ga hotonsa a waya ya naɗe fuska da rawani. A rediyo kullum ana cewa ƙasa ba ta ci gaba in masu aikin hannu suna ficewa. Mu kan gyaɗa kai mu ce gaskiya ne, amma mu ai muna da Mamman.

Sai ga labari ya zo cewa shi ma tafiya zai yi. Wani Bakano, Alhaji Yusuf, mai sayar da kayan inji a kasuwar Damagaram, shi ya ga aikinsa ya yaba. Yana da gareji a Kano, ya ce in ya tashi daga kasuwa ran Alhamis ta sama zai biyo da mota ya ɗauke shi.

Bari in faɗi yadda muke yi da Mamman, don a gane. In injinka ya lalace sai ka kira shi, ya hau moto, wato babur, ya zo garka. Ba za ka nuna masa inji daga zuwa ba, ai ba bawanka ba ne. Za ka shimfiɗa tabarma a inuwa, ku gaisa, ka tambayi gwaggo da iyali, ka hura gawayi ka ɗora butar shayi. Kafin shayin zagaye na fari ya nuna an kawo fura daga gida. Ya sha na fari, ya ɗan taɓa inji, a kira shi ga na biyu. Na uku kuwa ba a barinsa, shi ne mai zaƙi. Kafin a ankara an kira azahar. Haka zai wuni a garka ɗaya, in ya yi ƙoƙari biyu, alhali wasu na can suna ta danna masa kira.

Da labarin ya bazu, dattawa suka zauna a gindin tsamiyar masallaci. Baba Salisu, wanda ya fi kowa girman garkar rake, ya buga sanda a ƙasa.

“Laifinmu ne,” in ji shi. “Yaron nan ba mu girmama shi yadda ya kamata. Bakanike guda, ka tare shi da shayi da fura kamar mai talla? Daga yau duk wanda ya kira shi ya yanka kaza.”

Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce madalla, don na ga maganar ta yi ma'ana.

Cikin makon nan Mamman ya ci kaji, ya ci zabi, har wani ya yanka masa ɗan akuya. Maɓallin rigarsa ya fara ja. Injuna kuwa suka yi ta mutuwa suna jiran layi, don yanzu ba shayi kaɗai ake jira ba, har da tukunya. A tsakiyar haka nawa ma ya yi tari ya yi shiru. Na kira shi.

“Taubashi, ina garkar Baba Salisu,” ya ce, muryarsa kamar ta mai jin barci. “An yanka zabo, ba a sauke ba tukuna. Gobe in Allah ya so.”

Goben ta zo yana wata garkar. Na koma ja da guga kamar zamanin kakanni, hannuna ya yi kanta, amma albasar nan ta fara rawaya daga bakin ganye. Sai na sayi ganyen shayi mai kyau da sukari na nufi gidansa, a raina in roƙe shi da kaina kada ya tafi.

Ban same shi ba. Matarsa Ramlatu na tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi ƙullin da ke hannuna ta ajiye rariya.

“Mijina, mene ne wannan?” Haka take kirana don tsokana.

“Shayi ne na kawo masa, matarmu.”

Ta yi dariya har ta dafe ƙirji. “Kai ma? Wallahi ku mutanen garin nan sai ku kashe mutum da kara. Ka san me ke kai shi Kano?”

Na ce ai kuɗi ne, me kuma.

“To kuɗin daga ina zai zo? Mutum ya fita da safe ya dawo da yamma, inji ɗaya ya gyara, cikinsa kamar randa, aljihu ba nauyi. Ko kuɗin isansi, man moton, da ƙyar yake fitowa. Ni da yara me za mu ci, labarin zabo? Alhajin nan abu ɗaya ya faɗa masa ya tafi da hankalinsa. Ya ce a Kano zama zai yi wuri guda, aiki ya same shi.”

“To ya faɗa wa mutane mana.”

“Shi? Ya dubi idon Baba Salisu ya ce ba ya shan shayinsa? Gara masa ya bar ƙasar.” Ta ɗauki rariyarta, sai kuma ta tsaya ta ƙura mini ido. “Amma kai fa taubashinsa ne. Duk garin nan kai kaɗai ne in ka ci masa fuska ba mai cewa uffan. Ɗora injinka a amalanke ka kawo masa ƙofar gida, ka ce ya gyara maka yanzu. Ba gaisuwa, ba shayi.”

Na sosa ƙeya. Gaskiya ne tsakanin taubasai babu laifi, ka kira shi bawa, ka ƙwace masa hula a kasuwa, sai dai a yi dariya. Amma ni ban iya ba. Tun muna yara shi ke tsokanata, ni sai dai in yi murmushi in sunkuyar da kai. Na faɗa mata haka.

“To sai ka je ka yi wa albasarka murmushi,” in ji ta. Ta karɓe sukarin, ta ce shi kam yana da amfani.

Washegari da sassafe na ɗaura jaki, na ɗora injin. Duk hanya ina gwada maganar a kan jakin. “Kai bawana, fito ka yi aiki.” Ya kaɗa kunne. Na sake faɗa da ƙarfi, wata mata mai ɗauke da itace ta waiwayo ta dube ni.

Na iske Mamman ya fito da moto zai tayar. Na sauko, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, “Ina kwana, an tashi lafiya? Ya gwaggo, ya ƙafar tata?”

Daga bayan zana Ramlatu ta yi gyaran murya, irin wanda ake ji har maƙwabta.

Na runtse ido. “Kai bawana! Ajiye moton nan. Ga inji, ka gyara mini yanzu-yanzu ina tsaye. Ba shayi, ba fura, ko ruwa ba zan ba ka ba. Dubi cikinka, kamar mai wata bakwai.”

Mamman ya tsaya baki buɗe. Ya dube ni, ya dubi jakin, ya dubi zanar da ke motsi. Sai ya fashe da dariya har ya jingina da bango.

“Suma'ila? Kai ne yau da baki? Wa ya ara maka?”

“Ba ruwanka. Yi aiki.”

“Sauke shi, matsiyaci. Ɗan kawu bai taɓa abin kirki ba sai yau.”

Muka sauke a gindin dogonyaron ƙofar gidansa. Ya shiga ya kwaso kayan aikinsa gaba ɗaya, har waɗanda ba ya iya ɗauka a moto. Ya kwance buji, wato fulogi, ya hura, ya wanke wani ɗan ƙarfe da datti ya toshe, yana yi yana zagina, ina ramawa da abin da na samu. Rana ba ta yi zafi ba ya ja igiya, injin ya ɗauka. Na ba shi hakkinsa, na kora jaki. Kafin hantsi ruwa na gudu a tsakanin albasata.

Magana ta riga ni isa fadama. Baba Salisu ya aiko a kira ni, ya ce ya ji abin kunyar da na yi, a makon da ake lallashin mutum. Na ce masa ai Mamman taubashina ne. Sai ya ce duk da haka.

Da la'asar maƙwabcin garkata ya leƙo ta kan shinge, ya ga ƙasata jiƙe, tasa a bushe. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce ko zan taimaka in kai masa nasa injin.

“Ga amalanke, ka kai da kanka,” na ce.

“A'a, ni ina zan iya? Da wane ido? Kai dai da kake taubashinsa.”

Haka na zama mai kai rashin kunyar gari duka. Kowace safiya in bi garkuna in kwaso injuna, in sauke a gindin dogonyaro in ce, “Bawana, ga na wane, ya ce a gaya maka ba shayi.” Masu injin kuwa sai su biyo baya daga nesa, su tsaya kamar masu wucewa, in an gama su matso su biya su yi godiya a gajarce. Abin da Mamman ke yi a mako ya koma yi a wuni. Har daga wajen Mirriya wani ya ji labari ya ɗauro nasa a bayan moto.

Ran Alhamis bayan la'asar motar Alhaji Yusuf ta tsaya a ƙofar gidan. Ya fito da babbar riga yana duba agogo. Ya tarar da injuna jere a inuwa, Mamman a tsakiyarsu hannu baƙi ƙirin, ko tashi bai yi ba sai da ya ɗaure abin da yake ɗaurewa.

“Malam Mamman, ina kayanka? Ka san hanya, ina so mu tsallake iyaka da haske.”

Mamman ya goge hannu da tsumma. Ni ina riƙe da igiyar jaki na kasa kunne, don har ranar bai ce mini ya fasa ba, ni kuma ban tambaya ba.

“Alhaji, ranka ya daɗe, ka yi haƙuri,” ya ce. “Ka ce in je Kano in zauna wuri ɗaya aiki ya same ni. To ga shi ya same ni a ƙofar gida. In na tafi yanzu, wa zan bar wa waɗannan?”

“Haba Malam! Ka sa na baro titi na shigo yashi?” Alhaji ya ɓata rai sosai, ya ce mutanen Damagaram ba a gane gabansu. Ya juya zai shiga mota, sai ya tsaya yana bin injunan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ɗan kasuwa dai.

“Duk na garin nan ne?”

“Har da na maƙwabta.”

“Me ya fi lalacewa a cikinsu?”

Mamman ya lissafa masa, buji da robar bakin tiyo da wasu da ban riƙe sunansu ba. Alhaji ya ce to, Alhamis mai zuwa a turo mai jakin nan rumfarsa ya karɓo kaya, ba sai bakanike ya bar aiki ya je nema ba. Maganar Kano kuma bai janye ba, in damina ta sauka injuna suka huta za su sake zama.

“Allah ya kai mu,” in ji Mamman.

Ramlatu ta aiko da ruwa a kwanon sha. Alhaji ya sha, ya dube mu ya ce, “Ko ɗan shayi babu a garin nan?” Ni da Mamman muka dubi juna, muka fashe da dariya.

Baba Salisu dai har yau bai yarda injinsa ya hau amalanke ba. Ya ce shi ba za a ce ya aika wa ɗan mutane aiki kamar wanki ba. Don haka ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Mamman kan rufe akwatin kayan aiki ya hau moto ya tafi garkar rake, ko injin lafiya lau yake. Ya sha na fari da na biyu da na uku, ya ci zabo. Ni yake goyawa a baya, wai in riƙe masa kaya, amma duk hanya gori yake mini cewa albasar da ya ceto ko ɗaya bai gani a miyarsa ba. Na ce ya jira a cire. Ya ce in ban kawo buhu guda ba, Kano na nan inda take.