Fendar Hagu ta Motar Don Elbio

Sau uku Lorena tana murɗa makulli injin yana tari kamar tsohon mashayin taba, sai a na huɗu ya kama. Ƙara ta cika rumfar gyaran motoci, kaji suka watse, baƙin hayaƙi ya fito ta bututun da ta yi wa walda da hannunta. Ta bar shi yana ruri, ta leƙa tsakar gida ta kira mahaifinta.

Don Elbio yana inda yake kullum, ƙarƙashin bishiyar inabi, fulas a hammata, ƙoƙon mate, shayin ganyen da 'yan ƙasar ke sha, a hannu. Shekara arba'in ya yi yana gyaran bodin mota a garin Sarandí Grande, kuma shekara shida rabonsa da shiga rumfar, tun da hannunsa ya fara rawa ya ajiye guduma. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da tsatsa, sai ga 'yarsa tilo ta tashi da wata sabuwar ɗabi'a ta 'yan zamani da suke kira rat rod: a ɗauko tsohuwar mota, a rage mata tsayin rufi, a kwantar da ita har cikinta ya kusa shafar ƙasa, a sa mata inji mai ƙarfi, amma tsatsar a bar ta yadda take, har ma a shafe ta da mai don kada ta zube. Shi dai motar ɓeraye yake ce mata.

Duk da haka shi ya ba ta motar. A-kori-kura ce ƙirar 1951, wadda ta shekara ashirin kaji suna ƙwai a kujerarta. Ranar da Lorena ta roƙe shi, cewa ya yi ta yi yadda ta ga dama, ai gawa ba ta zaɓar likkafani. Wata takwas ke nan, kullum ta taso daga masana'antar rumbunan hatsi inda take walda, sai ta faɗa rumfa har rana ta faɗi. In ta fito, ya tambaye ta yau kuma me ta lalata, ta gaya masa, ya girgiza kai ya miƙo mata ƙoƙo. Tun rasuwar mahaifiyarta Nilda ba su taɓa samun abin hira da ya kai wannan ba. Ita ta san haka, shi ma ya sani, amma gidansu ba gidan da ake faɗin irin wannan ba ne.

Gobe Lahadi masu irin waɗannan motoci za su taru a garin Durazno, kuma a can take so ta fara fito da tata.

Ya taso a hankali, ya tsaya a bakin rumfa, sannan ya shigo. Ya dubi rufin da ta yanke, ya bi layin waldar da babban yatsa, bai kushe ba, wanda a wurin Don Elbio yabo ne. Ya zagayo ta gaba. Nan ya ga injin a waje tsirara, tayoyin gaba biyu sun miƙe can gaba babu abin da ya rufe su.

"Ina fenda?"

"Baba, ai irin wannan motar ba a sa mata. Haka ake son a ga taya."

"Ta hagun nake tambaya."

Ta gaya masa shekaranjiya surukin Don Yamandú mai sayen tsoffin ƙarafa ya wuce da keken dokinsa, ta ɗora masa su duka biyun don ta sami wurin juyawa. Har ta ƙara da cewa ta hagun ma ai a lotse take, ba asara aka yi ba.

Ya dube ta, ya dubi tayar. Sai ya ajiye ƙoƙon a kan benci, da sauran ruwa a ciki, ya ajiye fulas kusa da shi, ya fita. Ta ji ƙofar ɗakinsa ta rufe.

Lorena ta kashe injin. Da zagi ya yi da ta ji sauƙi, don zagin Don Elbio kamar ruwan bazara yake, kafin ka sami mafaka ya ɗauke. Amma a duk shekarunta talatin da takwas sau ɗaya ta ga ya bar mate bai shanye ba, ranar da aka bugo waya daga asibiti aka ce mahaifiyarta ta rasu. Tsoro ya kama ta sosai. Ta je ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Tsoho, me na yi?" Bai buɗe ba. Ta tura babur ɗinta ta fita.

Filin Don Yamandú yana bayan layin dogo. Ta tarar da babbar mota an cika ta da ƙarafa har sama, direba yana ɗaure igiya, don kowace Asabar da azahar ake kai kaya Montevideo a narke. Tsohon yana zaune a kan wata kujerar bas da ba ta da bas, da hularsa a gwiwa.

"'Yar Elbio, an ce kin yi wa motar ubanki aski. Kin zo sayar da abin da ya rage ne?"

"Don Yamandú, fendojin nan biyu na shekaranjiya. Ina son ta hagun."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya tambaye ta wace mota, ta gaya masa. Ya tambaya ko mai lotsawa a goshi, daidai saman fitila, ta ce ita. Ya mayar da hula kansa, ya juya ya ce wa direba ya kwance igiyar. Direba ya fara ƙorafin rana ta yi, ga hanya, ga wurin awon kaya ana rufewa ƙarfe biyar. Tsohon ya ce masa shi ke da motar, shi ke da ƙarfen, in kuma sauri yake yi ga hanya nan ya taka da ƙafa.

Suna sauke kayan ne ya ba ta labarin. Shi yana tsaye a ƙasa yana nuni da sanda, ita da direba suna sama suna miƙo tsohon gado, murhu, ƙarfen garma, rabin injin wanki. Ya ce lokacin iyayenta ba su yi aure ba. Nilda ta kafe sai Elbio ya koya mata tuƙi, ya kai ta filin kasuwar shanu ranar da babu kasuwa, fili fetal babu abin da mutum zai buga sai ginshiƙin ƙofa guda ɗaya. Shi ta samu. Kuma a gaban mutane, don samarin gari duk sun hau shinge suna kallo, har da shi Yamandú.

"Kin san ubanki a lokacin? Mutum ya jingina da motarsa sai ya sa shi ya goge wurin da rigarsa. Muka ce yau auren nan ya mutu tun ba a ɗaura ba. Ya sauko ya duba, ya ce aikin minti ashirin ne. Sai uwarki ta leƙo ta taga ta ce, in ka gyara ba zan aure ka ba. Ta ce so nake garin nan ya gani akwai abin da ka fi so a kan ƙarfe mai santsi."

Lorena ta tsaya da wata tukunya a hannu. Ta ce ba wanda ya taɓa gaya mata. Ta tuna tana ƙarama ta tambayi mahaifiyarta dalilin lotsawar, ta ce ta tambayi ubanta, shi kuma ya ce ta tambayi uwarta. Daga nan ta ɗauka sakacin masu sana'a ne kawai, waɗanda ke gyara na kowa su manta nasu.

"Shekara arba'in muna masa tsiya," in ji Don Yamandú. "Mai gyaran bodi da lotsattsiyar mota. Mutane sun kai aiki wani wuri saboda ita. Ko sau ɗaya bai ɗaga mata guduma ba."

Sai can ƙasa suka same ta, a ƙarƙashin wata ƙofar ƙarfe. Lorena ta janyo ta, ta duba. An jefa ta a keken doki, an jefa ta a fili, an jefa ta a mota, sannan aka jibga mata kayan gari guda a kai. Ko'ina lotsawa ce, manya da ƙanana, har ita kanta ta kasa cewa ga ta asalin. Ta so ta yi kuka, amma ba a gaban direban da ke duba agogo ba. Ta taya su mayar da kayan. Don Yamandú ya ɗaura mata fendar a baya da igiyar roba, ya ce ta yi kama da kunkuru, ya kuma ce ta gaida masa tsohon banzan.

Haka ta ratsa gari a kan babur, mutane a ƙofar shaguna suna bin ta da kallo.

Ba ta ƙwanƙwasa ƙofarsa ba. Ta ɗora fendar a kan benci a rumfa, ƙarfe ya yi ƙara, ta zauna a kan taya tana jira. Ta kusa rabin awa kafin ta ji takun silifas ɗinsa.

Bai dube ta ba. Ya tsaya a gaban fendar, ya ɗora tafin hannunsa mai rawa a kanta, ya fara shafawa daga baya zuwa gaba, idonsa yana kan bango, don masu wannan sana'a da hannu suke gani. Ya yi haka sau biyu. Sannan ya ce ta miƙo masa alli.

Duk inda hannunsa ya tsaya sai ya zagaye wurin da alli. Da'irorin sun fito a karkace, amma kowace tana kan gurbinta. Ya yi goma sha ɗaya. Saura wuri guda a saman ramin fitila, wanda bai ma fi sauran zurfi ba, ya tsallake shi.

"Yaya aka yi ka gane ta?" in ji Lorena.

"Sauran duk daga sama aka buge su. Wannan daga gaba ne. Kuma a hankali, don tafiyar ƙasa ma ta fi ta sauri. Uwarki ni take kallo, ba hanya ba."

Ya ɗauko gudumarsa daga ƙusar da ta shekara shida a rataye, ya sa ƙarfen tokara a baya, ya kai bugu. Ya sauka a gefen da'irar. Ya sake, ya sake kuskurewa. Ya tsaya yana kallon hannun nasa kamar na wani ne aka ara masa. Sai ya juya gudumar ya miƙa mata ƙotar.

"Daga gefe za ki fara, ki shigo tsakiya. Ba walda ba ce, kada ki nuna mata ƙarfi. Lallaɓa ta za ki yi."

Ta buga. Ya ce ya yi yawa. Ta sake. Ya ce to haka, yanzu matsa kaɗan. Shi yana riƙe da ƙarfen tokara da hannu biyu, ita tana bugu, in wuri ya taso ya shafa ya goge allin da gefen hannu. A tsakani ya ce mata hannunta irin na uwarta ne, ba ta san birki ba. Ta ce ai shi ya koya wa uwar tata tuƙi. Ya yi wani ɗan sauti a hanci wanda a wurinsa dariya ce. Har la'asar ta yi sanyi suna kai, kaji sun dawo suna kiwo a ƙarƙashin motar.

Da suka goge ta goma sha ɗaya, Lorena ta dubi bangon rumfar ta ce za ta kafa ƙusa biyu a can sama, inda ruwa ba ya taɓawa, ta rataye ta a wurin, ba mai ƙara taɓa ta.

Don Elbio ya ɗauki ƙoƙonsa da ya huce tun safe, ya zubar da ganyen, ya zuba sabo.

"Uwarki cewa ta yi gari ya gani," ya ce. "Bango ba gari ba ne."

Lorena ta juya ta dubi motar. Da yake ta riga ta tura tayoyin gaba taku guda gaba da inda suke a da, ta kwantar da gaban ƙasa, fendar ba za ta zauna ba sai ta kwance duk wannan ta sake lissafi. Aikin mako uku ne in an yi sauri. Durazno kuwa gobe ne, kuma ba za a sake taruwa ba sai baɗi. Ta hango kanta a cikin jerin motocin nan, kowa yana leƙa injinta, abin da ta yi wata takwas tana hangowa, ta ji zafin rabuwa da shi.

Ta tashi ta ɗauko jak ɗin ɗaga mota, ta tura shi ƙarƙashin gaban motar.

"Baba, ka san mota mai fenda ɗaya dariya za su yi mata."

Ya zuba ruwan zafi, rabi a ƙoƙo rabi a benci, ya miƙo mata.

"Shekara arba'in suna yi," ya ce. "Fara da tayar hagu."